Ja da Shuɗi a Nipponbashi

A layinmu na Osaka, inda fitilun talla ba sa barci,
shagona taku tara ne a tsaye, huɗu a kwance.
Na raba kanta biyu da zare:
dama, faya-fayai masu jan kwali,
hagu, masu shuɗi.
Fim ɗaya ne, fuska ɗaya a bango,
amma injin wannan ba ya karanta na wancan,
kamar wa da ƙane da rabon gado ya hana su gaisawa.

Dillalin ja yakan zo ran Talata, lema a hammata,
ya ce, “Hasebe, namu ne mai araha, jama'a za su biyo mu.”
Na shuɗi ran Alhamis, takalmi na ƙyalli,
ya ce, “Namu ne mai babban ciki, ba ya ƙoshi.”
Kowanne ya bar mini kalanda.
Na rataye duka biyun. Ranakun ciki iri ɗaya ne.

Mutane su shigo, su tsaya gaban allo,
su ƙirga gashin girar 'yar wasa,
su ga raɓa a ganye har su goge hannu a wando,
su ce kai!
sannan su mayar da kuɗinsu aljihu:
“Bari mu ga wanda zai rage.”

Taura biyu ba ta taunuwa.
Da kaka ta zo na tofar da ɗaya, na riƙe ja.
Inji arba'in, da bashin banki.
Fumiyo ta dube ni ta saman tabarau,
ba ta ce komai ba, ta ci gaba da lissafi.

Na sayar wa tsoho Kuniaki guda,
direban jirgin ƙasa da ya ajiye aiki, mai rawar hannu.
Na rantse masa wannan ne gobe.
Ya ɗaure shi a bayan keke da igiya biyu,
ya tura da ƙafa, bai yarda ya hau ba.

Sai sanyi ya zo da labari a baki.
Masu fim na ƙetaren teku suka zame ɗaya bayan ɗaya,
kamar kaji in an watsa tsaba a wani gefen.
Ran da aka gama, ina tsaye ina shan romon taliya,
talabijin ashirin a shagon
duk suka faɗa mini magana ɗaya a tare,
tar da ita, ba ko ɗigon hazo.

Farashi ya riga ƙanƙarar bakin ƙofa narkewa.
Na rubuta rabi. Na goge.
Na rubuta rabin rabi.

Ran Asabar na hango keken Kuniaki.
Na shirya sunkuyawa, na shirya kuɗinsa a ambulan.
Ya wuce ni ya nufi kwandon gwanjo,
ya tsinci jajaye goma sha ɗaya, yana hura musu ƙura.
Ya ce, “Nawa yana aiki lafiya lau.
Ba wanda ya gaya masa an ci shi da yaƙi.”

Da dare na kai ragowar ɗakin baya.
Can na tarar da kwalayen mahaifina,
ƙananan kaset na bidiyo, tun ina ɗan makaranta,
shi ma dokin da ya hau bai kai gida ba.
Na matsa musu, na ajiye nawa a gefe.
Wurin ya ishe su.

A sama, Chiharu na kwance da kwamfuta a cinya,
tana dariya ita kaɗai.
Na leƙa: fim ne, dishi-dishi, yana tsayawa yana tafiya.
Na ce, “Wane faifai ne wannan, ja ko shuɗi?”
Ta cire abin kunne ɗaya,
ta ce, “Faifai kuma, Baba?”

Na sauko na kashe fitilun.
Shuɗin kanta ya ɗan jima yana sheƙi a duhu.